Bambanci tsakanin SSD da HDD

SSD da HDD su ne manyan nau'o'i biyu na ma'ajiyar bayanai da ake sakawa a cikin kwamfuta. Aikinsu ɗaya ne: riƙe babbar manhajar kwamfuta da sauran manhajoji da fayiloli, ko da an kashe wuta. Inda suka rabu shi ne hanyar da kowanne yake bi. HDD yana rubuta bayanai ta hanyar maganaɗisu a kan faifan da ke juyawa, ita kuwa SSD tana adana su a cikin ƙwayoyin lantarki irin na filashi, ba tare da wani abu mai motsi ba. Wannan bambanci shi ne tushen duk sauran: SSD ta fi sauri da jure faɗuwa da ƙarancin cin wuta, HDD kuma ya fi araha idan ana buƙatar wuri mai yawa. Saboda haka a yau yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna zuwa da SSD, yayin da manyan cibiyoyin adana bayanai na duniya har yanzu suke ajiye kaso mafi tsoka na bayanansu a kan HDD.

Duka biyun ba ɗaya suke da RAM ba. RAM wuri ne na wucin gadi da kwamfuta take aiki a kai, kuma da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke ciki yakan goge.

## Tarihi

### HDD

Kamfanin IBM ne ya fitar da HDD na farko a shekarar 1956, a matsayin wani ɓangare na kwamfutar 305 RAMAC. Wata tawagar injiniyoyi ƙarƙashin jagorancin Reynold B. Johnson ce ta ƙera shi a birnin San Jose na jihar Kaliforniya a Amurka. Yana ɗauke da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da yake iya riƙewa haruffa miliyan 5 ne, wato ƙasa da megabait 4, wanda bai kai girman wasu hotunan wayar zamani ba.

A 1973 IBM ta fitar da samfurin 3340 da aka fi sani da Winchester, wanda tsarinsa ya zama abin koyi ga faya-fayan da suka biyo baya. A 1980 kamfanin da ake kira Seagate a yau ya fitar da ST-506, mai faɗin inci 5.25 da girman megabait 5, wanda ya dace da ƙananan kwamfutoci. Mai inci 3.5 ya bayyana a 1983, mai inci 2.5 kuma a 1988, kuma waɗannan biyun su ne ake amfani da su har yanzu.

A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowanne a nasa ɗakin bincike, suka gano wata ɗabi'a ta maganaɗisu da ta ba da damar ƙera allurar karatu mai iya jin ƙananan alamomi ƙwarai. IBM ta fara amfani da ita a faya-fayanta a 1997, kuma masanan biyu sun sami lambar yabo ta Nobel a 2007. A wannan shekarar ce Hitachi ta fitar da HDD na farko mai terabait 1. A 2013 aka fara sayar da faifan da aka cika da iskar hiliyom maimakon iska ta yau da kullum, kuma a 2024 Seagate ta sanar da faya-fayai masu terabait 30 da ke amfani da hasken leza wajen ɗumama wurin da za a yi rubutu. Kamfanoni da yawa sun taɓa ƙera HDD, amma yanzu uku suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba.

### SSD

Fujio Masuoka, injiniya a kamfanin Toshiba na Japan, shi ne ya ƙirƙiro ma'ajiyar filashi a shekarun 1980. Nau'in da ake kira NAND, wanda SSD take amfani da shi, an gabatar da shi a 1987. A 1991 kamfanin SanDisk, wanda a lokacin ake kira SunDisk, ya ƙera wa IBM wata SSD mai megabait 20 da farashinta ya kai kimanin dala 1,000. Tsadar ta sa shekaru da dama galibi sojoji da masana'antu ne suke saye.

Lamarin ya sauya a ƙarshen shekarun 2000. A 2008 Intel ta fitar da X25-M, Apple kuma ta fara sayar da MacBook Air da zaɓin SSD, kuma daga 2010 ta daina saka HDD a wannan samfuri. A 2011 aka fitar da ƙa'idar sadarwa ta NVMe, wadda aka tsara musamman domin ma'ajiyar filashi. A 2013 Samsung ta fara jera guraben ajiya hawa-hawa kamar bene, ta fara da hawa 24, kuma zuwa 2022 masu ƙerawa sun haura hawa 200. Wannan dabara ce ta fi taimakawa wajen karya farashin SSD. A 2020 na'urorin wasa PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito da SSD a maimakon HDD.

## Yadda suke aiki

### Cikin HDD

A cikin HDD akwai faifai ɗaya ko fiye, na gilashi ko na alminiyam, da aka shafe da wani siririn sinadari mai karɓar maganaɗisu. Wani ƙaramin inji yana juya faifan, yawanci sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai hannu mai ɗauke da allurar karatu da rubutu da ke kai-komo tsakanin gefen faifan da tsakiyarsa. Tsarin yana kama da na garmaho, sai dai a nan allurar ba ta taɓa faifan. Tana shawagi ne a kan iskar da juyawar take haifarwa, da tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai dubun-dubatar nanomita. Wannan ne ya sa ƙwayar ƙura ɗaya ko girgiza mai ƙarfi kan iya sa allurar ta karce faifan, bayanai su salwanta.

Kafin HDD ya karanta wani abu sai ya yi jira iri biyu. Na farko, hannun ya matsa zuwa da'irar da bayanin yake. Na biyu, faifan ya juyo da daidai wurin zuwa ƙarƙashin allurar.

### Cikin SSD

SSD allo ce ta lantarki mai ɗauke da ƙwayoyin filashi da kuma wani ƙaramin masarrafi da ke kula da su. A cikin kowace ƙwaya akwai biliyoyin gurabe, kowane gurbi yana tsare ɗan cajin lantarki, kuma yawan cajin shi ne yake nuna abin da aka rubuta. Ana rarraba filashi bisa adadin bit da gurbi ɗaya yake ɗauka:

- SLC: bit 1 a gurbi, matakan caji 2. Ya fi sauri da ƙarko, ya fi tsada.
- MLC: bit 2, matakai 4.
- TLC: bit 3, matakai 8. Shi ne ya fi yawa a kasuwa.
- QLC: bit 4, matakai 16. Ya fi araha, amma ya fi saurin gajiya da jinkirin rubutu.

Filashi yana da wata ƙa'ida: ana rubutu shafi-shafi, amma ba a iya sake rubutu a kan shafin da aka riga aka cika sai an goge dukan rukunin da yake ciki, rukuni ɗaya kuwa yana ƙunshe da shafuka masu yawa. Don haka masarrafin SSD yakan rubuta sabon bayani a wani shafi da babu komai, ya yi wa tsohon alama, daga baya ya tattara ya goge. Yakan kuma rarraba rubutu a kan dukan gurabe domin kada wasu su gaji kafin wasu. Akwai umarni mai suna TRIM da babbar manhaja take aika wa SSD don sanar da ita shafukan da aka daina buƙata. Windows ta fara aiki da shi tun daga Windows 7 a 2009.

## Sauri

Ana auna saurin ma'ajiya ta fuskoki uku, kuma ba duka ne suke da muhimmanci iri ɗaya ba.

### Jinkirin isa ga bayani

Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A matsakaici ana jiran rabin zagaye, wato milisakan 4.2. Mai juyi 5,400 yana jiran milisakan 5.6. Idan aka haɗa da lokacin da hannu yake ɗauka yana matsawa, jimillar takan kai milisakan 10 zuwa 15. SSD tana isa ga bayani cikin kimanin milisakan 0.1 ko ƙasa da haka. Wato a wannan fanni ta fi HDD sauri sau ɗari ko fiye.

### Ƙananan ayyuka barkatai

Lokacin da kwamfuta take tashi, ko ake buɗe manhaja, tana karanta dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse a wurare daban-daban. HDD yana iya yin irin waɗannan ayyuka kimanin 100 zuwa 200 a sakan ɗaya, domin kowanne sai hannu ya motsa. SSD ta SATA tana yin dubun-dubata, ta NVMe kuma ɗaruruwan dubbai, wasu har sun haura miliyan. Wannan shi ne bambancin da mai amfani yake ji a jikinsa. Tsohuwar kwamfutar da take shafe minti ɗaya ko biyu kafin ta gama tashi takan koma sakan 15 zuwa 30 idan aka musanya mata HDD da SSD, ba tare da an taɓa masarrafi ko RAM ba.

### Karanta manyan fayiloli

Wannan shi ne adadin da aka fi rubutawa a jikin kwali. HDD na kwamfutar tafi-da-gidanka yana yin kimanin megabait 100 zuwa 140 a sakan, manyan na inci 3.5 kuma suna iya haura 250. SSD ta SATA tana tsayawa a wajen 550, saboda iyakar mahaɗar SATA ta uku da aka fitar a 2009. SSD ta NVMe tana bin hanyar PCIe kai tsaye: kimanin 3,500 a ƙarni na uku, 7,000 a na huɗu, 14,000 a na biyar.

Misali, karanta fayil ɗin bidiyo mai gigabait 50 zai ɗauki HDD mai saurin 150 kimanin minti 5 da rabi, SSD ta SATA minti 1 da rabi, NVMe mai saurin 3,500 kuma kimanin sakan 14. Wajen kwafi, ma'ajiyar da ta fi jinkiri tsakanin biyun ita ce take yanke saurin aikin.

### Abubuwan da kan rage sauri

Lambobin kwali ba sa faɗin komai. Yawancin SSD na TLC da QLC suna ware wani sashe da ke aiki kamar SLC don karɓar rubutu da sauri. Idan aka kwafi babban fayil sashen ya cika, sai saurin ya faɗi, kuma a wasu masu QLC yakan sauko kusa da na HDD. SSD da ta kusa cika ma takan rage sauri, haka kuma NVMe da ta yi zafi sosai takan rage gudu da kanta don kare ƙwayoyinta.

A ɓangaren HDD, gefen faifai ya fi tsakiyarsa sauri, don haka yana ƙara nauyi yayin da yake cika. Fayiloli kuma sukan tsinke su warwatsu, abin da ke sa a riƙa tattara su lokaci-lokaci. SSD ba ta buƙatar wannan tattarawa. Akwai kuma faya-fayan SMR, waɗanda ake ɗora layukan rubutunsu a kan juna kamar jerin kwanon rufi don ƙara wuri. Suna karatu daidai, amma suna jinkiri idan ana yawan sake rubutu. A 2020 an yi ce-ce-ku-ce bayan an gano cewa manyan kamfanonin uku sun sayar da wasu faya-fayan SMR ba tare da bayyana hakan a takardun kayan ba.

Bambanci tsakanin HDD da kowace irin SSD babba ne. Amma tsakanin SSD ta SATA da ta NVMe, mai rubutu da shiga intanet da kallon bidiyo da wuya ya ga wani bambanci na a-zo-a-gani. Masu tace bidiyo da masu sarrafa manyan bayanai su ne suka fi cin moriyar NVMe.

## Farashi da daraja

Hanya mafi sauƙi ta kwatanta farashi ita ce a raba kuɗin da yawan terabait. Ta wannan ma'auni HDD yana gaba, kuma a manyan girma SSD takan ninka shi tsada sau da yawa. Sai dai tazarar ba ɗaya ba ce a kowane girma. Duk ƙanƙantar HDD sai an saka masa inji da hannu da allura da gida na ƙarfe, don haka akwai farashin da ba ya iya sauka ƙasa da shi. Ita kuwa ƙaramar SSD ƙwaya ɗaya ko biyu ce a kan allo. Shi ya sa a lokutan da farashin filashi ya sauka, a girman gigabait 250 zuwa 500 SSD takan yi daidai da HDD ko ma ta fi shi araha, a terabait 1 kuma tazarar ba ta da yawa, amma daga terabait 4 zuwa sama HDD yana da rata mai faɗi.

Farashin duka biyun yana hawa da sauka. A ƙarshen 2011 ambaliyar ruwa a Tailan, inda ake ƙera kaso mai yawa na HDD na duniya, ta rufe masana'antu, farashi ya yi tashin gwauron zabi har wasu samfura suka ninka. A 2023 kuma filashi ya yi yawa a kasuwa, farashin SSD ya faɗi, har Samsung da wasu kamfanoni suka rage yawan abin da suke ƙerawa, sannan farashin ya sake hawa.

Daraja ba ta tsaya ga kuɗin saye ba. Akwai lokacin da ake ɓatawa ana jiran kwamfuta, da wutar da take ci, da shekarun da za ta ƙara tana aiki. Ga ɗalibin da ke da tsohuwar kwamfuta, sayen SSD mai gigabait 256 ko 512 ya fi sayen sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba. Ga mai ɗaukar bidiyon biki da ke tara terabait da yawa kowace shekara, ajiye tsofaffin ayyuka a kan SSD asarar kuɗi ce, tunda ba kullum ake buɗe su ba.

Masu saye sukan yi mamakin ganin ma'ajiyar terabait 1 tana nuna gigabait 931 a Windows. Wannan ba cuta ba ce. Kamfanoni suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma tana lissafi da 1,024. Hakan yana faruwa a SSD da HDD duka.

## Ƙarko da lalacewa

Kowane gurbi na filashi yana da iyakar adadin gogewa da sake rubutu. Kamfanoni suna bayyana wannan da TBW, wato jimillar terabait da aka ba da tabbacin za a iya rubutawa. Misali, Samsung 870 EVO mai terabait 1 tana da TBW 600 da garantin shekara 5. Wanda yake rubuta gigabait 40 kowace rana zai rubuta terabait 14.6 a shekara, ke nan sai ya shafe fiye da shekara 40 kafin ya kai wannan iyaka. Don haka ga mai amfani na gida gajiyar gurabe ba ita ce abin damuwa ba. SSD ta fi mutuwa ta dalilin lalacewar masarrafinta ko matsalar wuta.

HDD ba shi da irin wannan iyaka a fili, amma kayan cikinsa masu motsi suna cinyewa. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke wallafa alƙaluman faya-fayansa tun 2013, yakan ba da rahoton cewa kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari nasu ne suke lalacewa a shekara. Waɗannan faya-fayai ne da ke zaune wuri ɗaya cikin sanyi. Na kwamfutar da ake yawo da ita a jaka ya fi fuskantar haɗari, musamman idan ta faɗi tana kunne.

Yadda suke mutuwa ma ya bambanta. HDD sau da yawa yakan nuna alama: ƙara mai kama da ƙwanƙwasa, nauyi, ko fayilolin da suka ƙi buɗewa. SSD kan iya ɗaukewa farat ɗaya. Duka biyun suna da tsarin sa ido mai suna SMART, amma wani bincike da Google ta wallafa a 2007 ya nuna cewa faya-fayai da yawa sun mutu ba tare da tsarin ya yi gargaɗi ba.

Wajen ceto bayanai HDD ya fi sauƙi. Fayil ɗin da aka goge yakan zauna a kan faifan har sai an rubuta wani a kansa, ƙwararru kuma suna iya buɗe faifan a ɗaki marar ƙura su sauya allura. A SSD, TRIM yakan sa abin da aka goge ya tafi cikin ɗan lokaci.

Ajiya ta dogon lokaci ba tare da wuta ba wani rauni ne na SSD, domin cajin gurabe yana zurarewa a hankali, kuma zafi yana ƙara saurin zurarewar. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta tanadi cewa SSD ta gida da ta cinye iyakar rubutunta dole ta riƙe bayanai shekara 1 a zafin digiri 30. Sabuwa tana riƙewa fiye da haka, amma ba a ba da shawarar a jefa SSD a akwati shekaru ana dogaro da ita kaɗai.

## Wuta, zafi da ƙara

HDD mai inci 3.5 yana cin wat 5 zuwa 10 idan yana aiki, mai inci 2.5 kuma wajen wat 2. SSD ta SATA tana cin wat 2 zuwa 3 lokacin aiki, kuma tana sauka ƙasa sosai idan tana hutawa. NVMe mai ƙarfi tana iya cin wat 7 ko fiye, amma tana gama aiki da wuri ta koma barci. Saboda haka batir yakan fi daɗewa da SSD. Ba ta ƙara, ba ta girgiza, kuma nau'in M.2 2280, mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, nauyinsa 'yan giram ne kawai. Yawancin SSD an ƙera su don aiki har zuwa digiri 70, HDD kuma zuwa 55 ko 60.

## Kwatanci a taƙaice

| Fanni | HDD | SSD ta SATA | SSD ta NVMe |
|---|---|---|---|
| Jinkirin isa | milisakan 10 zuwa 15 | kimanin 0.1 | ƙasa da 0.1 |
| Megabait a sakan | 100 zuwa 280 | kimanin 550 | 3,500 zuwa 14,000 |
| Kuɗin terabait | mafi araha | ya fi tsada | ya fi tsada |
| Jure faɗuwa | kaɗan | sosai | sosai |
| Ƙara | akwai | babu | babu |
| Ceto bayanai | ya fi yiwuwa | da wuya | da wuya |

## Haɗa su biyun

Kwamfutocin tebur da yawa suna ɗaukar duka biyu: SSD don babbar manhaja da ayyukan yau da kullum, HDD don finafinai da hotuna da tsofaffin fayiloli. An kuma taɓa ƙera faifai mai ruwa biyu da ake kira SSHD, wato HDD da aka ƙara wa ɗan filashi, kamar Momentus XT na Seagate a 2010. Apple ta yi makamancin haka da Fusion Drive a 2012. Irin waɗannan sun ja baya bayan da SSD ta yi araha. Cibiyoyin bayanai su ma suna aiki hawa-hawa: abin da ake nema kullum a kan SSD, abin da ake nema jefi-jefi a kan HDD, abin da aka adana don tarihi kuma a kan kaset na maganaɗisu.

## A Najeriya da Nijar

Kaso mai yawa na kwamfutocin da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suke saye a wannan yanki na hannu ne da aka shigo da su daga waje, ana sayar da su a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Da yawansu suna zuwa da HDD mai inci 2.5, kuma musanya shi da SSD ta SATA mai girma ɗaya aiki ne da masu gyara suka saba yi. Tsohon faifan ana iya saka shi a gidan USB ya zama ma'ajiyar waje.

Ɗaukewar wuta ba zato tana cutar da nau'o'in biyu, domin rubutun da ba a kammala ba yakan lalata fayil. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir tana da kariya, ta tebur kuma tana buƙatar UPS. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a garuruwa kamar Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, suna ƙara wa kayan ciki zafi. Tafiya a babur ko a hanya mai gargada kuma ta fi yi wa HDD illa idan kwamfutar ba a kashe take ba.

## Abin lura kafin saye

- Mahaɗa: ramin M.2 na wata kwamfutar SATA kawai yake karɓa, na wata NVMe kawai, na wata duka biyu. Ana duba littafin kwamfutar kafin saye.
- eMMC: wasu kwamfutoci masu araha suna zuwa da shi. Filashi ne, amma bai kai SSD sauri ba, kuma yawanci a manne yake ba ya ciruwa.
- Kayan hannu: manhajoji na kyauta irin su CrystalDiskInfo suna nuna awannin da ma'ajiya ta yi aiki, da yawan abin da aka rubuta, da yankunan da suka lalace.
- Jabu: akwai ma'ajiyoyin waje da ake rubuta wa terabait da yawa a farashi mai rahusa, alhali ƙaramin katin memori ne a ciki. Suna nuna girman ƙarya, kuma suna lalata fayiloli idan ainihin wurin ya cika. Manhaja irin H2testw tana gwada gaskiyar girman.
- Ma'ajiyar waje: USB 2.0 ba ya wuce kimanin megabait 40 a sakan, don haka SSD ba ta nuna saurinta sai a USB 3.0 ko sama.

Babu ɗaya daga cikin nau'o'in biyu da ke maye gurbin kwafin ajiya. Ƙa'idar da masana suka fi ambata ita ce 3-2-1: kwafi uku na duk bayani mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban.

## Duba kuma

- Kwamfuta
- RAM
- Filashi
- USB
- Cibiyar adana bayanai